Injiniya Sifana Ba Ya Taɓa Gam

Ku gyara zama ku ji yadda Injiniya Sifana ya jawo wa wani bene ruwa, har mutanen layin suka roƙe shi don girman Allah ya mayar da abinsa.

Sifana dai ba sunan yanka ba ne. Ya samo shi daga wata ƙatuwar sifana ta kwance noti da ba ta barin aljihun bayansa ko ina za shi. Injiniya kuwa shi ya laƙaba wa kansa, ranar da ya fito daga makarantar koyon sana'a da takardar shaidar aikin famfo, wadda ta ce shi ne na ɗaya a ajinsu. Ya sa takardar a gilashi, ya bazama neman aiki, ya yi ta takawa har takalminsa ya buɗe baki. Duk inda ya je sai a ce ana son wanda ya taɓa yin aikin. Ya ce ai don ya taɓa ɗin ya zo. A ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Ƙarshenta mijin yayarsa ya tausaya, ya ɗauke shi a shagonsa na takalma da ke ƙasan wani bene. Aikinsa kullum durƙuso, yana gwada wa mutane takalmi, bakinsa kuma bai iya shiru ba.

"Malam, ka san wanda ke riƙe da ƙafarka kuwa? Injiniya ne sukutum."

"To Injiniya, wannan ya matse ni, ɗauko mini na gaba da shi."

Ba shi kaɗai ba ne a layin. Mai askin da ke maƙwabtaka da su, haɗa wayar wuta ya karanta a wannan makarantar. Telan da ke gaba da shi, gini ya karanta. Su dai sun haƙura, sun kama abin da ya samu. Sifana ne kawai abin ke ci wa rai, don shi gani yake duniya ce ba ta san irin kayan da ta ajiye a shagon takalma ba.

Kullum aka zauna hira sai ya tuna musu tarihinsa. A makarantarsu fayifan ruwa 'yan kaɗan ne, ajin gaba ɗaya ke amfani da su. Ɗalibi zai haɗa su a jikin wani allon katako, malam ya zo ya duba da ido ya ba da maki, sannan ɗalibi ya kwance ya mayar ɗakin ajiya don na baya ya samu. Ruwa kuwa babu shi a makarantar, tankin ma da alli ake zana shi a saman allon. Wanda duk aka kama ya shafa wa fayif gam, ya faɗi jarrabawa, don ya kashe kayan makaranta.

"Ni ne fa," in ji Sifana yana bugun ƙirji, "kafin malam ya gama goge tabarau na haɗa, kafin ya mayar da shi ido na kwance. Har yau ba a haifi wanda ya kamo ni ba."

Ana nan sai Hajiya mai benen, wadda ke zaune a sama, ta gaji da sayen ruwa a jarka. Ta sa aka haƙa mata rijiyar burtsatse a bayan gida, ta ce saura a ɗora tanki a sama a ja famfo zuwa kowane shago. Sifana na jin haka ya saki ƙafar wani bawan Allah a rabin takalmi, ya haye bene da gudu.

"Hajiya, barka da hutawa. Ashe za ki je neman wuta alhali da murhu a ɗakinki?"

"Kai ne yaron takalma?"

"Ni ne Injiniya, Hajiya. Takalma hutu nake yi a cikinsu. Ki ba ni aikin nan, ba na son ladan komai. Shagon nan na kwana da ke rufe kawai za ki ba ni in buɗe ofishina."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Mace ce mai son sauƙi, kalmar kyauta kuma ta shige ta.

"To ka ji. In ruwa ya zo kowane shago, shagon kwana naka ne. In bai zo ba, kada in ƙara jin kalmar injiniya a gidan nan."

"Hajiya, ruwa zai zo har inda ba ki zata ba."

Ya sauko yana taku ɗai-ɗai, ya ɗauki ƙyallen goge takalma da 'yar kujerar da yake zama, ya dire su gaban mijin yayarsa.

"Maigida, ga kayanka. Daga yau na daina gaida ƙafafun mutane."

"Madalla. Tura su nan ƙarƙashin kanta, kada ka sha wahalar nema in ka dawo."

Yayarsa ta kira shi gefe ta ce, "Ƙanena, don Allah ka bi a hankali. Ka taɓa haɗa famfon da ya kawo ruwa kuwa?"

"Yaya, ke ma? Ruwa ai shi ne mai sauƙin. Shi da kansa yake tafiya, ba ya buƙatar takarda."

A ranar ya kai wa mai fenti allo, aka rubuta masa da manyan baƙaƙe: INJINIYA SIFANA DA KAMFANINSA. Ya jingine shi a ƙofar shagon kwana don kowa ya fara sabawa.

Da motar kaya ta iso, aka sauke fayifai da mahaɗai da kawunan famfo, sai ga tanki baƙi ƙirin, ya kusa cika hanya. Sifana ya zagaye shi yana ɗaga kai.

"Kai! Ashe haka yake da ƙiba? A allo bai wuce tafin hannuna ba."

Sai idonsa ya faɗa kan wasu gwangwanaye a kwali. Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, fuskarsa ta yamutse.

"Hajiya, wa ya sayar miki da wannan?"

"Mai shagon da na sayi kayan ne ya haɗo da shi, ya ce gam ne na fayif."

"Subhanallahi! Cutar ki ya yi. Gam na ragwaye ne. Duk fayif ɗin da ya sha gam ya mutu, ba ya sake moruwa. Ni hannuna bai taɓa taɓa shi ba, kuma ba zan fara a gidanki ba."

Ya juya wajen mai aski da tela, waɗanda suka fito kallo. "Ku gaya mata, me ake yi wa mai gam a makaranta?"

"Sifiri," suka ce baki ɗaya.

Hajiya ta ga mutum uku masu takarda sun yarda da magana ɗaya, ta sa aka kai kwalin ƙarƙashin matakala.

Nan Sifana ya naɗa su manyan ma'aikatan kamfaninsa. Tela zai gina wa tanki mazauni a saman bene, mai aski zai haɗa wa injin jan ruwa wuta. Daɗi ya kama su, don tun da suka bar makaranta ba wanda ya taɓa neman su da abin da suka karanta. Tela ya hau sama ya jera bulo ras, kyakkyawa, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Ina siminti?"

"Hajiya, siminti ɓata bulo yake yi," in ji tela. "In an sa shi, da me na baya zai yi aiki?"

"Wane na baya?"

Sifana ya yi wuf ya ce, "Maganar injiniyoyi ce, Hajiya, ki bar mu da ita."

Sai aka shiga huda bango. Sifana ya ari injin huda, ya tsaya a shagon tela, ya auna da ido, ya danna. Bakin ƙarfen ya ɓullo ta tsakiyar madubin mai aski, daidai lokacin da wani dattijo ke kallon kansa ana yi masa aski. Dattijon ya yi tsalle ya yi waje da ƙyalle a wuya, rabin kai fes, rabi daji, yana salati.

Mai aski ya zagayo yana huci. "Madubina! Ka san shekarun da na yi ina lallaɓa shi?"

"Kwantar da hankalinka. Nan famfonka zai fito. Ina ka taɓa ganin shagon askin da ruwa ke fitowa ta cikin madubi? Kai ne na farko."

A sama kuma ya huda wani bangon ya faɗa cikin kabad ɗin Hajiya, ƙarfen ya naɗo gyalenta ya fito da shi ta waje. Ya ce wannan gwajin ƙarfin bango ne, kuma bangon ya ci.

Fayifan kuwa bai yarda ya ja su a miƙe ba. A makaranta yawan lanƙwasa ne yawan maki, saboda haka kowane layi sai ya hau, ya sauko, ya yi kwana, ya dawo ya gaida inda ya fito. Shagon takalma ya fi kowanne samun gata. Wai don ya saka wa mijin yayarsa alheri, ya zagaye saman kantocin kaf da fayifai, mahaɗa a kan kowane layin kwali. Ko'ina tura wannan yake cikin wancan da hannu, ya ɗan murɗa, ya ja baya ya duba da ido ɗaya, ya ba kansa maki.

Gaskiya aikin ya yi kyau a ido. Masu wucewa har tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Kan Sifana ya ƙara girma, ya ce irin wannan aiki ba a buɗe shi a ɓoye. Ya yi hayar kujeru, ya ɗaura jan zare a famfon ƙofar gida, ya je da kansa ya gayyato shugaban makarantarsu ya zama babban baƙo.

Ranar buɗewa da hantsi layin ya cika. Hajiya ta ci ado ta zauna a gaba, shugaban makaranta na gefenta da lemarsa a kan cinya saboda rana. Sifana ya sa sabuwar rigar aiki, ya hau kan benci.

"Jama'a, yau ranar tarihi ce. Waɗanda suka ce mu ba mu taɓa yin aiki ba, yau za su ji kunya. Babban jami'in wuta, ba mu wuta!"

Mai aski ya kama wayoyi biyu ya murɗe su wuri guda. Inji ya ɗauka, aka ji ruwa na zuba a tanki, jama'a suka yi tafi. Da tanki ya ɗauki nauyi, Sifana ya haye sama ya buɗe babban makulli, ya sauko da gudu, ya miƙa wa Hajiya almakashin tela. Ta yanke zare, ta murɗa kan famfo, ta tara kofi.

Famfo ya yi tari, ya yi gyatsa, ya yi shiru.

"Yana hanya, Hajiya. Kwanar da yawa, sai ya gaisa da kowace."

Sai aka ji fat! daga shagon tela. Tela ya leƙa ya kurma ihu, "Ɗinkin mutane!" Kafin ya rufe baki aka ji fat! a shagon aski, ruwa ya feso ta ramin madubi ya wanke wanda ke kan kujera, dattijon nan ne kuwa, ya dawo a ƙarasa masa. Fat! a matakala. Fat! a bangon waje, daidai saman kujerun manyan baƙi. Shugaban makaranta ya buɗe lemarsa.

Duk da haka bakin Sifana bai mutu ba.

"Kada kowa ya gudu! Murna ce, fayifan ba su saba ba! Kowa ya kama mahaɗa ɗaya ya matse!"

Ya ruga ya mayar da wannan, ya danƙa wa tela. Ya mayar da wancan, ya danƙa wa dattijo mai rabin aski. Yayarsa ta kama ɗaya don kunyar ɗan'uwa. Mijinta ya haye kanta ya rungumi biyu, ya danne ta uku da haɓa. Masu kallo, masu wucewa, har wani direba da ya tsaya tambayar hanya, duk aka ba kowa nasa. Hajiya kanta ta samu kanta a tsaye kan kujera, hannu biyu a sama, ruwa na bin hannun rigarta yana gangarawa.

Abin mamaki, da kowa ya matse, sai famfon ƙofar gida ya yi wani dogon tsaki, ruwa ya zubo shaa, fari tas.

Sifana ya daka tsalle. "Ga shi! Ga ruwa! Maigida, buɗe naka! Tela, buɗe naka da ƙafa! Ya zo? Ya zo ko'ina! Hajiya, alkawari! Shagon kwana nawa ne!"

"Don ubanka," in ji Hajiya daga kan kujera, "haka za mu tsaya har tashin duniya?"

"A'a, Hajiya, ai sai a yi karɓa-karɓa. Masu safe daban, masu yamma daban."

"Ni da gidana zan yi wa fayif gadi?"

A daidai nan ruwa ya shiga hancin mijin yayarsa. Bawan Allah ya yi ta maza, ya cije, ya rufe ido, amma ina! Ya saki atishawa mai ƙarfi, mahaɗai uku suka tashi lokaci guda. Na kusa da shi ya firgita ya saki nasa, na gaba ma haka, fat-fat-fat har ƙarshen layi. Shagon takalma da ya fi kowa gata ya fi kowa shan ruwa. Kwalaye suka narke, takalma suka fito ƙofa a jere suna iyo, na maza da na mata, suka kama hanyar kwata. Mai shagon ya bi su da gudu yana kamo na dama, na hagu na tsere masa.

"A kashe injin!" Hajiya ta ƙwalla. "Kai mai aski, kashe shi!"

Mai aski ya tsaya gaban wayoyinsa yana susar ƙeya. "Hajiya, gaskiya kunnawa aka koya mana. A makaranta ba mu taɓa kashewa ba, wutar ce ke ɗauke kanta."

Inji ya ci gaba da aikinsa, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya sauka kan ginin tela ya wanke yashin tas. Bulo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tanki ya karkata a hankali, ya kwanta a kan rufin, ya juye duk abin da ke cikinsa ta matakala. Ruwan ya ratsa falon Hajiya, ya sauko da tabarma da matasan kujera, ya ɗauko kwalin gam daga ƙarƙashin matakala ya dire shi a gaban Sifana. Ya wuce ya kwashi allon INJINIYA SIFANA DA KAMFANINSA ya bi da shi bayan takalma.

Sai wuta ta ɗauke. Inji ya yi shiru.

"Kun gani?" in ji mai aski. "Haka muke kashewa."

Hajiya ta sauko daga kujera, ado ya koma tsumma. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Sifana tsoro ke nan.

"Zan hau in sake kaya. In na sauko na tarar da ko guntun fayif a jikin gidana, kai da hukuma."

To a nan ne fa jama'a suka ga abin da makaranta ta koya wa Sifana. Ya zare sifanarsa, ya ma fasa, ya mayar da ita aljihu, don ba a buƙatarta. Ya bi bango yana zarewa, hannunsa har ba a gani. Kafin tela ya gama matse ɗinkin mutane, bene ya koma yadda yake, sai ramuka. Fayifai na jere a ƙofar gida, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda, mahaɗai kashi-kashi, kowanne an goge shi. Ya tsaya kusa da su ya sunkuyar da kai, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Shago ya tafi, kuma ya san ko 'yar kujerar durƙuso ba zai sake gani ba, don ga mijin yayarsa can yana nuna shi da takalmi ɗaya yana rantsuwa. Idonsa ya ciko da ƙwalla.

Shugaban makaranta ya naɗe lemarsa, ya tako a hankali. Ya ɗauki mahaɗa ɗaya ya leƙa cikinta, ya shinshina. Ya ɗauki wata ya shafa da yatsa.

"Ko ɗigon gam babu," ya ce. "Bene guda, ka haɗa, ka kwance, ko ƙwarzane babu. Yaro, ka fitar da mu kunya."

"Yallaɓai?"

"Malaminku na famfo ya yi ritaya, mun rasa wanda zai gaje shi. Duk wanda muka gwada sai ya ce a kawo masa gam. Za ka iya fara koyarwa?"

Hajiya da ta sauko ta ji, ta ce, "Ku tafi da shi. Ku haɗa da fayifan, na ba makaranta sadaka, kada in sake ganinsu."

Sifana ya share fuska, ya matsa kusa da shugaban, ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Yallaɓai, tsakani da Allah, an kawo ruwa makarantar yanzu?"

"Ruwa? Allah ya kiyaye. Me zai kawo shi?"

Sifana ya miƙe, ƙirji ya dawo wurinsa. Ya juya ya dubi taron, ya dubi mijin yayarsa.

"Maigida, ka ji da kunnenka. Ka riƙe kujerarka. In ka haifi mai son zama injiniya, ka turo mini shi."

"In na turo maka ɗana," in ji mai takalma, "Allah ya sa in tafi lahira da takalmin hagu biyu."

Shagon kwana dai Hajiya ta ba wani saurayi haya, yana sayar wa layin ruwa a jarka. Shi ma ɗan makarantar ne, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya karanta.

Sifana kuwa yana can gaban aji, da sifana a aljihu da alli a hannu. Ranar farko ya zana tanki a saman allo, ya ƙara masa ƙiba saboda ya gan shi da idonsa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, idan aka sa ruwa a ciki fa?"

Malam Injiniya Sifana ya ajiye alli, ya dube ta da tausayi.

"Ni da kike gani na taɓa sa wa fayif ruwa, kuma na gaya miki ba abin da yake yi sai ɓata aiki. Zauna. Wanda na kama da gam, sifiri."